Sassaƙen da ake sayar mana da sunan ɓawon kwinin

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya ruwa. Dan Allah ka ɗan sammin fili a jaridarmu mai farin jini inyi magana akan wani abu da ya fara yawa anan Kumasi musamman cikin zangunanmu, tun daga Aboabo, Asawase, Sawaba har Tafo, wato tallar wani sassaƙe da ake cewa ɓawon itacen kwinin ne. Wai daga ƙasar waje aka zo dashi, in ka jiƙa ka sha yana kashe maleriya da taifot da shawara, in mace ta dafa ta wanke kai dashi gashinta zai tsiro ya cika har gaban goshi, mai sanƙo ma wai ya gwada zai ga abin mamaki. A WhatsApp ake turawa, a TikTok ake tallarsa, ranar Juma'a in an sauko masallaci zaka gansu da tabarma da 'yar lasifika, haka in ka shiga motar Tamale ko Bawku kafin ta cika sai mai talla ya hau ya yiwa fasinja addu'a mai kyau kowa yace amin, sannan ya zuge jaka.

Ni ɗan kemis ne, ina da ɗan shagona na magani anan Aboabo shekara da shekaru, kuma mahaifina Allah ya jiƙansa wanzami ne, a gabansa na tashi yana aski yana ƙaho yana haɗa jiƙo da tsimi, don haka kar wani yace ɗan boko ne yazo zagin maganin gargajiya don ya sayar da nashi. Da tsimin gidanmu aka raine ni. Amma wannan tallar akwai gaskiya a ciki akwai ƙarya, kuma gaskiyar ce take sa ƙaryar ta shiga, shi yasa nake so a rabe su.

Itacen gaskiya ne akwai shi, sunansa sinkona. Asalinsa duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, ƙasashen Peru, Ekwado, Bolibiya da Kolombiya, can saman tsaunuka daga wajen mita 1000 zuwa 3000 inda hazo baya yankewa ga sanyi ga ruwa kusan kullum. Mutanen Peru har hotonsa suka sa a tambarin ƙasarsu. Itace ne na dutse da sanyi, ba irin wanda zaka samu a bayan gari a kurminmu ko a dajin arewa kaje da gatari ka saro ba. Tun wajajen 1630 limaman Katolika da ke can suka fara kai garin ɓawonsa birnin Rum ana baiwa masu masassara, aka daɗe ana shansa a gari haka nan wani ya warke wani bai warke ba, sai a 1820 wasu masu haɗa magani biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka ciro sinadarin da ke aikin daga cikin ɓawon, shine kwinin ɗin da iyayenmu suka sani. Amfanin wannan aikin nasu kuwa shine daga ranar aka samu abinda za'a iya ɗorawa a sikeli a auna, ace mai nauyi kaza ya sha kaza.

Kuma mu Hausawa, balle mu na Kumasi, wannan ɓawon ya taɓa tarihinmu fiye da yadda muke zato. Da can Turawa a bakin teku suke tsayawa saboda in sun shigo ciki zazzaɓi ke karkashe su. A 1854 wani likita Bature mai suna Baikie ya shigo kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, suka je suka dawo zazzaɓi bai kashe ko mutum ɗaya ba, shine daga baya ya zauna a Lakwaja ya koyi Hausa har Kano yaje. Shekara 20 bayan nan, a watan Fabrairun 1874, sojan Ingila ƙarƙashin Wolseley suka keto kurmi suka shigo Kumasi suka ƙona ta, yaƙin da Tonawa, wato Asante, ke kira Sagrenti, kuma kwinin na cikin abinda ake raba wa sojan a hanya. Ta wata hanyar kuma Kyaftin Glover na Ingila ne ya taho da sojojinsa Hausawa, kuma wasu gidajen zango a ƙasar nan in ka bi salsalarsu wajen irin waɗannan sojojin zata kai ka. Ni dai duk sanda na tuna sai inga abin da mamaki, ace ɓawon itace daga wani dutse a bayan duniya yana cikin abinda ya buɗe wa Bature hanyar garin nan.

Shi kansa itacen sace shi akayi daga gidansu. Wani Bature ɗan kasuwa Charles Ledger yana da yaro ɗan ƙasar Bolibiya, Manuel Incra Mamani, wanda ya san itatuwan nan ciki da bai, shi ya tara masa irin wanda yafi kowanne ƙarfi a 1865, aka sayar wa 'yan Holan suka kai tsibirin Jaba a Indunusiya suka shuka, kafin yaƙin duniya na biyu fiye da kashi 90 cikin 100 na kwinin ɗin duniya daga gonakinsu yake fitowa. Shi kuwa Mamani kama shi akayi aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa a 1871. Da Japan ta kama Jaba a 1942 sai kwinin ya yanke wa Turawa, wannan na cikin abinda ya sa aka dage da neman wanda ake haɗawa da sinadarai irin su kulorokwin. Yau manyan gonakin sinkona a Afirka suke, a tsaunukan gabashin Kwango wajen Kibu, akwai ma masana'antar kwinin a garin Bukabu.

Toh yanzu mu dawo kan tabarmar mai talla. Na tsaya wajen ɗaya daga cikinsu na ɗauki sassaƙen na duba, jaja-jaja ta ciki, bayansa toka-toka da ɓamɓaroki, na ɓalli kaɗan na tauna na shinshina. Malam Edita maɗaci ne. Maɗacin da na taso ina daka wa mahaifina a turmi, ko ido rufe aka bani zan gane shi. An dai yayyanka shi ƙanana an ɗaure a farar leda an manna takarda mai hoton dutse da wata mata mai gashi har gadon baya. Nace masa ɗan'uwa wannan ai maɗaci ne, yayi dariya yace Alhaji ai duk kwinin ne, ɗanɗana kaji ɗaci. Kaji inda matsalar take, mu a wajenmu duk abinda yayi ɗaci maganin zazzaɓi ne, dogon yaro, tafashiya, maɗaci, shuwaka, duk ɗaya muke ɗaukarsu. Alhali babu kwinin a cikin maɗaci ko ƙwaya ɗaya, ɗacinsa na wasu sinadarai ne daban. Maɗaci yana da nashi amfanin da iyaye suka sani ban hana ba, amma a sayar dashi da sunansa da kuɗinsa, ba a canja masa suna a ninka kuɗi ba. Kuma duk mai bin titunan da aka shuka maɗaci tun zamanin Turawa, anan ko a Tamale, ya ga yadda aka feɗe su tun daga gindi har iya inda hannu ya kai, wasu an zagaye su kaf, itace kuwa in aka zagaye ɓawonsa ya mutu kenan sai dai a jira ranar da iska zata kada shi kan motar wani.

Amma mu ƙaddara wani ya samo na gaskiyan, don ana sayar dashi a intanet kuma 'yan'uwanmu na Jamus da Amurka suna turo kaya. Ni wallahi na gaskiyan ya fi bani tsoro. Dalili kuwa ƙarfinsa ba ɗaya bane, wani ɓawon kwinin ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, wani irin na Ledger ya haura kashi 10, kuma da ido bazaka bambance ba, ɗaci duk suna da shi. Kenan cokali ɗaya na wannan leda daidai yake da cokali goma na waccan. Mai talla zai ce maka cokali ɗaya safe ɗaya yamma, cokalin wane ɓawon? In ka faɗa kan mara ƙarfi zazzaɓin ya ɗan lafa ka zaci ka warke alhali ƙwayar cutar na nan tana cin jini, in ka faɗa kan mai ƙarfi kuma ga abinda zai biyo baya. Kuma ba kwinin kaɗai ke cikin ɓawon ba, akwai ɗan'uwansa kwinidin wanda likitocin zuciya ke amfani dashi wajen gyara bugun zuciya, abinda ke taɓa bugun zuciya kuwa ba'a shansa da ka.

Duk wanda ya kai shekara arba'in a ƙasar nan ya san kwinin ba wasa bane. Kunne ya dinga shuuu kamar ana ruwa akan kwano, ka daina jin magana sosai, jiri, tashin zuciya, ido yayi hazo-hazo, wannan a ma'aunin asibiti ma kenan. Yana sauke sugan jini, shi yasa in ana yi wa mutum ƙarin ruwa da kwinin a cikin ruwan suga ake sa shi kuma nas na lura, mai ciki tafi kowa shiga wannan haɗarin. In ya wuce ƙima yana makantar da mutum, wani ya dawo wani bai dawo ba, yana rikita zuciya har ta tsaya. Wasu jininsu baya shiri dashi sam, sai jini ya fashe fitsari ya koma baƙi ƙirin. A Amurka da can ana baiwa tsofaffi don ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, hukumar magungunansu ta hana saboda mutanen da ya illata.

Wani yaro ɗan unguwarmu mai tuƙa pragya, keken nan mai ƙafa uku, ya shigo shagona da yamma yana dafe da kantar shagon, leɓensa ya bushe idonsa yayi ruwan ɗorawa, yace Kawu bani maganin ciwon kai mai ƙarfi. Nace me ka sha, ya zaro gorar ruwa daga aljihun wando, ruwan ciki ja kamar shayin da ba madara da guntayen sassaƙe a ƙasa, yace tun farkon sati yake sha, Mma ce ta saya masa a tasha. Na ɗiga jininsa akan 'yar na'urar gwajin nan, kafin in juya in ɗauko auduga layi biyu sun fito. Ban bashi komai ba nace maza a kai shi asibiti don ya wuce na kemis, ya kwana biyu can har da ƙarin jini. Uwar ba mugunta tayi ba, ɗanta take so, kuma kuɗin da ta bayar a tasha ya fi na gwajin da maganin gaba ɗaya, balle ma yana da katin inshora a aljihu.

Wani abin da masu tallar basa faɗa, wataƙila su ma basu ji ba, shine asibiti da kanta ta matsar da kwinin gefe. Ghana ta bar kulorokwin a 2004 saboda ya daina ci, aka koma magungunan haɗi na atimisinin, irin wanda ake sha kwana uku ɗin nan. Zazzaɓi mai tsanani kuma, irin mai sa yaro jijjiga ko suma, anyi babban gwaji akan yara fiye da 5000 a ƙasashen Afirka 9, kuma asibitinmu na Komfo Anokye, Jii ɗin nan da muke zuwa, yana cikin wuraren da akayi shi. Sakamakon ya fito a 2010, cikin yaran da aka yi wa kwinin kusan 11 cikin 100 suka rasu, waɗanda aka yi wa allurar atesunet, ɗan gidan atimisinin, kuwa 8 da rabi. Tun daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya tace atesunet ne gaba. Ko masu ƙaramin ciki na watanni ukun farko da aka daɗe ana ba kwinin, a 2022 hukumar ta canja shawara ta koma kan na haɗin. Kwinin na nan a ajiye don ranar da babu wancan, kuma har gobe yana ceton rai, amma a hannun mai sikeli. Taifot kuwa babu ruwan kwinin da ita kwata-kwata, cutar daban ce maganinta daban.

Sai 'yan tonik. Wannan kam har manyanmu masu ilimi, da mutum yaji jikinsa ba daɗi sai ya aika a sayo masa tonik mai sanyi wai akwai kwinin a ciki. Eh akwai, shine ɗan ɗacin nan da kake ji. Amma a Amurka doka bata yarda ya wuce miligiram 83 a lita guda ba, Turai ma kusan haka ne, shi kuwa babban mutum in za'a yi masa magani da kwinin miligiram 600 yake sha sau uku a rana har kwana 7. Yi lissafi da kanka, sama da lita 20 kenan kullum, wato ka shanye galan ɗin Kufuor, babbar jarkar ruwan nan, guda na tonik yau, gobe ma haka har sati. Sugan ciki kaɗai ya isa ya kwantar da kai. In kana son tonik ka sha don daɗinsa.

Maganar gashi kuma anan zan ɗan sassauta, don ita ba ta rai bace. Gaskiya ne Turawa sun daɗe suna sa ɓawon nan a kayan gyaran kai, tun ƙarni na 19 kamfanin Pinaud na Faris yake yin wani jan ruwa mai ƙamshi da kwinin a ciki wanda masu aski ke yayyafa wa mutum bayan sun gama, har yau akwai shi, kuma kamfanin Klorane na Faransa yana da sabulun wanke kai na kwinin da ake samu a manyan kantunan magani. A da har garin goge haƙori ake sa shi saboda yana da dabbaci irin na bagaruwa, yana tsuke fata da dasashi. Wannan dabbacin ne yake rage maiƙon kai, mutum yaji fatar kansa ta yi wasai gashin ya ɗan yi kauri a hannu. Iyakarsa kenan. Tsiro da gashi inda ya mutu kuwa, da yana yi da Turawan da suka shekara fiye da 100 suna shafa shi basu da mai sanƙo ko ɗaya, ga su nan kuwa muna gani a talabijin. Mai son wanke kai dashi ya wanke, sai dai ya fara gwadawa a bayan kunne ya kwana, don akwai wanda fatarsa bata ɗauka, kuma kar a sa a kan da ke da ƙuraje ko wanda man miƙar da gashi ya ƙona.

Hajiyoyinmu da amarenmu su yi haƙuri in faɗa musu, don su ne suka fi zuwa shago da wannan kukan. Mafi yawan gaban goshin da nake gani ya cinye, kitso ne. Ƙananan kitso da ake ja har ido ya ɗage, a ɗora ƙarin gashi mai nauyi a bar shi wata biyu, a tsefe yau gobe a sake, ga man miƙarwa a kai a kai, har yara 'yan makaranta ba'a bari ba, zaka ga yarinya da ƙananan ƙuraje a layin kitso tana kuka uwar na cewa kyau sai da wuya. In aka sassauta da wuri gashin yana dawowa, in aka daɗe saiwar ta mutu babu ɓawon da zai tada ta. Mai jego da gashinta ke zuba bayan wata uku da haihuwa ta kwantar da hankalinta, wannan da kansa yake dawowa. Wata kuma ƙarancin jini ne, a gwada a gani. Yaro mai makero maganin sha yake buƙata na makonni, shafe-shafe baya kai wa saiwar gashin. Sanƙon gado kuma akwai minoksidil da aka tabbatar yana ɗan taimakawa muddin ana shafawa, da ka daina ya koma. Man kaɗanyarmu da ake kawowa daga arewa in dai laushi da hana karyewa ake nema ya wadatar, kuma kin san abinda kika saya.

Abinda ke bani haushi shine ƙasar nan ba'a raina maganin itace ba balle ace dole sai a ɓoye. Akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong Akuapem tun 1975 wadda Dokta Oku Ampofo ya assasa, suna da maganin zazzaɓi da suke yi da saiwar nibima, itacen ƙasar nan, an auna an rubuta yadda ake sha a jikin kwalba. Jami'ar KNUST da ke nan garin tana koyar da maganin gargajiya har digiri, akwai dokar masu maganin gargajiya tun shekarar 2000, wasu asibitocin gwamnati ma suna da sashen maganin itace. Masu maganinmu na zango na kirki, kuma suna da yawa na san su, ya kamata ƙungiyarsu ta tsawata wa masu canja wa maɗaci suna, don sunan kowa suke ɓatawa.

Roƙona gareka Malam Edita, ka tura wakilinka ya sayi ledar nan a wurare daban-daban anan Kumasi da Nima da Madina a Ankara, a kai Mampong ko jami'a a duba a buga abinda aka gani kowa ya karanta. Gidajen rediyon da ke shiri da Hausa su ma kafin su karɓi kuɗin talla su nemi ganin lambar rajistar hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a jikin kayan, masu saye ma su duba, in babu lamba babu sunan wanda ya haɗa babu ranar lalacewa a ajiye masa kayansa. Limamanmu dan Allah ko minti biyu ne a huɗuba yanzu da ruwa ya sauka sauro yayi yawa, a ce wa jama'a in jiki yayi zafi a fara gwaji kafin a sha komai, mai ciki taje awo ta karɓi ƙwayoyin rigakafinta da gidan sauro, yara kuma a kai su allurar rigakafin maleriya tunda Ghana na cikin ƙasashe ukun da aka fara ta a 2019. Gwajin nan minti 15 ne, kuma kusan kowane kemis mai lasisi a Aboabo yana da shi.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Mai karatunku ɗan kemis, daga Aboabo, Kumasi